Jirgin Sintirin Sojan Ruwa: Abin Da Ke Cikinsa, Da Yadda Za Ka Yi In Kun Haɗu

Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na daren Laraba. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji da dabbobi, ko suna kan hanya da kaya. In ka iya karatu, don Allah ka karanta wa na kusa da kai, musamman matuƙin kwalekwalen da kake shiga.

Abin da ya jawo maganar saƙo ne daga wani mai fataucin banda da ke bin tafkin Chadi. Ya ce wata rana suna dawowa daga tsibiri bayan magariba, sai suka ji ƙarar inji ta taso musu daga cikin duhu, kafin su ankara an dalle su da fitila. Matuƙinsu yaro ne, ya tsorata, ya ƙara wa injinsa wuta. Sai da wani dattijo a cikin jirgin ya daka masa tsawa sannan ya tsaya. Ashe 'yan sintiri ne. Aka duba su, aka sallame su, amma ya ce har yau in ya tuna sai gabansa ya faɗi. Tambayarsa ita ce, me ke cikin jirgin nan, kuma me suke so mutum ya yi?

To, tambayar nan ta shafi mutane da yawa. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru duk suna da rabo a tafkin Chadi. Tun 2015 aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta yankin, mai hedikwata a Injamena, sojojin ruwan Najeriya kuma suna da sansani a Baga. A kogin Kwara ma, wanda wasunmu ke kira Isa, mai tsallakawa tsakanin Gaya da Malanbil ya san jami'an tsaro na hawa ruwa. Mai kai tattasai, mai kanwa, mai kifi, makiyayin da ke ƙetarar da shanu zuwa tsibiri da rani, kowa na iya haɗuwa da su. Wanda ya san abin da mutanen cikin jirgin suke gani da abin da suke tsoro, ya fi kusa da komawa gida lafiya.

Me ya sa jirgin ƙarami ne?

In an ce sojan ruwa, abin da ke zo wa mutum a rai shi ne ƙaton jirgin teku. Irin wannan ba shi da aiki a tafki. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, a wurare da dama gora ma tana taɓa ƙasa, ga ciyawa, ga ƙananan mashigai tsakanin tsibirai. Dole jirgin da zai yi aiki a nan ya zama mara nauyi, wanda cikinsa ba ya nutsewa sosai, mai gudu, mai saurin juyawa.

Domin mu fahimci tsarinsa, bari mu ɗauki wanda aka fi sanin labarinsa a duniya. Sunansa PBR, sojojin ruwan Amurka suka fara aiki da shi a 1966 a kudancin Biyetnam, a yankin da kogin Mekon ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. Aikinsa kullum shi ne tsayar da jiragen masunta da na 'yan kasuwa, a duba kaya da takardu, don a hana safarar makamai ta ruwa. Tsawonsa bai kai mita 10 ba, faɗinsa wajen mita 3 da rabi, abin da ke nutsewa cikin ruwa kuwa kamar santimita 60 ne kawai, wato ruwan da bai kai ƙugun babban mutum ba ya ishe shi wucewa. Da faiba aka yi jikinsa. Mutum huɗu ke aiki a ciki, kuma yawanci jirage biyu ke fita tare, ɗaya na bincike, ɗaya na gefe yana tsaro. Jiragen da ke ruwanmu yau sun bambanta da shi a girma da inji da ƙasar da ta ƙera su, amma in ka fahimci wannan, sauran ba za su zame maka baƙi ba. Mu bi shi daga goshi zuwa baya.

Goshin jirgi: babbar bindiga

A gaba ake kafa bindigar da ta fi kowace girma, domin can ne mai harbi yake ganin gabansa da dama da hagu ba abin da ya tare shi. A PBR rami ne zagayayye a goshin jirgin, mai harbi na zaune a ciki, da mashinga biyu a haɗe, yana juyawa da su. Sunan bindigar M2, kaurin harsashinta milimita 12.7, kusan kaurin ɗan yatsanka ke nan. Ita kaɗai ba ƙafa tana da nauyin kilo 38, shi ya sa ba a saɓa ta a kafaɗa, sai dai a ɗaure ta a kan ƙarfe. Tana fitar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya, tana samun abin da aka auna daga nisan kusan kilomita 2, harsashin kuma yana iya tafiyar sama da kilomita 6 kafin ya faɗi. Akwai takwararta ƙirar Rasha, wadda ake ce wa dushka, ita ma milimita 12.7 ce. Duk biyun masu jigida ne, wato harsasan a jere suke cikin ɗamara, tana fitowa daga akwatin ƙarfe da ke gefen bindigar.

Me wannan yake nufi a gare ka? Na farko, katakon kwalekwale da buhun kifi da jikin saniya ba sa tare wannan harsashi. Na biyu, harsashi na tsalle a kan ruwa kamar yadda yaro ke jefa faffaɗan dutse ya yi ta tsalle. Saboda haka ko harbin gargaɗi aka yi, ba a so a kai ga haka, domin wanda ke can bakin gaɓa yana shayar da shanu, bai san hawa ba bai san sauka ba, zai iya samun rabonsa. Na uku, in ka ga bakin bindiga na kallonka lokacin da suke matsowa, kada ka ɗauka an yanke maka hukunci. Haka aka koya wa mai harbi ya zauna har a gama bincike.

Tsakiya: wurin matuƙi da idanun jirgi

A tsakiya matuƙi yake, da sitiyari da abin ƙara wa inji wuta, sau da yawa ƙarƙashin 'yar rumfa. Shugaban jirgin a nan yake tsayawa, shi ke ba da umarni, kuma shi ne wanda za ka saurara. A PBR nan ne da wurin bindigogi kaɗai aka sa wa sulke. Sauran jikin jirgin faiba ce zalla, domin in aka lulluɓe shi da ƙarfe gaba ɗaya zai yi nauyi, gudunsa ya ragu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aikin da ke wannan wuri su ne idanu da kunnuwan jirgin. Akwai rada, wani farin abu kamar faifai ko kwano a kife a saman rumfa, yana aika sigina, in ta bugi abu ta dawo sai ya fito a gilashi kamar ɗigo. Rada tana ganin ƙarfe sosai, amma jirgin katako da ya yi ƙasa-ƙasa da ruwa ba ya fitowa da kyau, balle in yana kusa da ciyawa. Kada wannan ya faranta maka rai. Ma'anarsa jirgi mai gudu zai iya hawa kanka cikin duhu bai gan ka ba, ko kuma ka ɓullo musu kwatsam a kusa, su zabura.

Akwai rediyon sadarwa, irin oba-oba amma mai ƙarfi, da suke magana da sansani da sauran jirage. A dokar ruwa ta duniya tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa. Duk abin da ya faru tsakaninku, to akwai yiwuwar wasu a nesa sun riga sun sani, kuma wanda ya gudu daga jirgi ɗaya yakan tarar da wani a gaba. Akwai na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, wadda ake kira GPS, da na'urar auna zurfin ruwa don kada su hau yashi. Jiragen zamani kuma wasu na da tabarau na ganin dare, wasu na da kyamarar da ke ganin zafin jiki, mutum ko dabba ko inji mai zafi sai ya fito fili a cikin duhu. Wanda ya kwanta cikin jirgi ya ja tamfol don tsoro, zato kawai ya jawo wa kansa da abokan tafiyarsa.

Sai babbar fitilar haskawa, da jiniya, da lasifika. Sannan ƙananan fitilu uku da ya kamata kowane mai shiga ruwa ya sani: ja a hagun jirgi, kore a damansa, fari a baya. In ka hango ja da kore tare, jirgin kanka ya nufo kai tsaye. In fari kaɗai kake gani, mai yiwuwa bayansa kake kallo. Sai dai jirgin sintiri yakan kashe fitilunsa in yana bakin aiki, don haka kunnenka ya fi idonka amfani da dare.

Gefe da baya: ƙananan makamai da wurin bincike

A bayan matuƙi akwai fili inda sauran sojoji ke tsayawa. PBR na da wata M2 guda ɗaya a baya, sannan a gefe akwai ƙaramar mashinga mai harsashin milimita 7.62 da bindigar harba gurneti. An jera su haka ne don kada a sami ɓangaren da ba a tsare ba. Kowane soja kuma yana da bindigarsa ta hannu, da hular kwano, da rigar sulke, da rigar hana nutsewa.

Ta wannan gefen ake jingina da jirginka. Za ka ga igiya, da doguwar sanda mai ƙugiya ta jawo kwalekwale, da tayoyi ko robobi a rataye don kada jirage su gogi juna. Amurkawa ma sai da suka ƙara wa samfurin PBR na biyu bakin alminiyam, saboda yawan jingina da jiragen mutane yana cinye faibar. A nan ne kuma ake ajiye akwatin magani, da abin kashe gobara, da zoben da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa. Jirgin da kake tsoro, in kwalekwalenku ya kife, shi ne ya fi kowa saurin isowa.

Inji

PBR na da injin gas biyu, wato gazuwal, kowanne mai ƙarfin doki 220. Ba shi da farfela a waje. Famfo ne yake zuƙo ruwa ta ƙarƙashi ya feso shi ta baya da ƙarfi, kamar injin ban-ruwa na masu lambu, feshin ne ke tura jirgin. Gudunsa na kai kilomita 45 zuwa 50 a awa. In matuƙi ya juya feshin gaba, jirgin na tsayawa cikin ɗan taƙi, yana kuma iya juyawa a inda yake. Matsalarsa ciyawa, tana toshe bakin famfon. Jiragen sintiri da yawa a yau injin ratayawa suke amfani da shi, irin na kwalekwalenka, sai dai nasu biyu ne ko fiye, kowanne na iya kai ƙarfin doki 200, alhali kai da doki 25 ko 40 kake jan buhu hamsin.

Ka yi lissafin da kanka. Tsere da su ba zai yiwu ba. Wani haɗarin ma ba na bindiga ba ne: jirgi mai wannan gudu yana tayar da igiyar ruwa, kwalekwalen da aka loda har bakinsa ya rage taƙi ɗaya ya taɓa ruwa, igiya ɗaya ta ishe shi. In sun wuce ku a guje, matuƙi ya rage wuta, ya karkata goshin jirgi ya fuskanci igiyar, kada ya ba ta gefe, kowa kuma ya zauna a inda yake.

Abin da suke tsoro

Mun ce jikin jirgin ba sulke sosai, ga man inji, ga akwatunan harsashi, ga mutane a fili. Sojan da ke ciki ya san haka fiye da kowa. Akwai kuma abin da sojojin ruwa na duniya ba su manta ba. Ranar 12 ga Oktoba 2000, a tashar Adan ta ƙasar Yaman, wani ƙaramin jirgi ɗauke da bam ya matso jikin babban jirgin yaƙin Amurka mai suna USS Cole ya tarwatse, sojoji 17 suka mutu. Daga nan aka ƙara tsananta koyar da cewa ƙaramin jirgin da ya nufo ka, aka ce ya tsaya ya ƙi, abin tsoro ne. A namu yankin ma, a Disambar 2018 'yan bindiga sun kai hari sansanin sojan ruwa na Baga. To mutumin da ke riƙe da bindiga a goshin jirgi, da dare, bai san ko banda ce a buhunka ko wani abu ba. Abin da yake karantawa shi ne motsinka: ka tsaya ko ka gudu, hannunka na fili ko na ƙarƙashin tamfol.

In kun haɗu

Da ka ji jiniya, ko aka haska ka, ko aka ɗaga maka hannu, rage wuta nan take, ka kashe inji in ruwan ya ba da dama. Kada ka juya, kada ka shige ciyawa, kada kuma ka nufe su. Ka bari su su zo.

Da dare ka riƙe tocila mai farin haske. Dokar ruwa ta duniya ma ta ce ko jirgin filafili ne ya kasance da ita a kusa. Ka haska cikin jirginka da kayanka, kada ka dalle fuskarsu, domin haske mai ƙarfi na kashe wa mai tabarau na dare ido, kuma za su ɗauka da gangan ne.

Kowa ya zauna, hannaye a fili. Mutum ɗaya ya yi magana, wanda ya fi natsuwa, ko wanda ya ji harshensu. In Hausa ba ta yi ba, a gwada Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Faransanci. Kada kowa ya zura hannu a jaka ko aljihu sai an ce ya yi, ko waya ce ke ƙara a bar ta. Kada a jefa komai a ruwa.

Ɗan'uwana makiyayi, sanda da adda da wuƙa kayan aikinka ne, kowa ya sani. Amma kafin ku taso ka ajiye su a ƙasan jirgi inda ake gani, kuma ka faɗa da bakinka cewa ga su nan kafin a gano. Sandar da aka saɓa a kafaɗa, daga nesa cikin duhu, kamarta ɗaya da bindiga. In shanu ne ke iyo kuna biye da su, ku yi ƙetaren da rana, ku sa mutum a gaba da zai ɗaga hannu ko ƙyalle tun daga nesa, don ƙarar inji na iya watsa garke a tsakiyar ruwa.

Ɗan kasuwa, katin shaidarka da rasit ɗin kaya da takardar rigakafin dabbobi su kasance cikin leda ɗaya a jikinka. Ka san abin da aka ɗora a jirgin da ka shiga. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko na wane ne. Jarkokin fetur da buhunan taki da magunguna masu yawa suna jawo tambayoyi a yankin tafki, kuma dokar abin da aka hana da lokacin da aka hana tafiya tana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga wata zuwa wata. Kafin ka taso ka tambayi sarkin ruwa ko shugabannin tasha.

Akwai wata magana mai nauyi da wasunku suka turo: ta yaya za a bambance jami'an gwamnati da 'yan bindiga, tunda su ma suna hawa ruwa? Lamba a jikin jirgi, da tuta, da kaki iri ɗaya, da rada a sama, alamu ne, amma da dare ba lallai ka gan su ba, kaki kuma ana iya sata. Shi ya sa shawarar da ta fi kowace ita ce ka daina tafiyar dare a ruwan da ake rikici. Rigakafi ya fi magani. Ku tashi da hantsi, ku tafi a ayari, ku bi hanyar da aka sani, a kuma san da fitarku a tasha.

In an ci zarafinka

Tsayawa da ladabi ba ya zubar da haƙƙinka. In an karɓe maka kaya ba bisa ƙa'ida ba, ko an nemi kuɗi, ko an taɓa lafiyarka, tsakiyar ruwa ba wurin gardama ba ne. Ka riƙe lambar jirgin a kanka, da tutar da ke jiki, da rana da lokaci da wurin, da waɗanda suka shaida. In kun sauka ka kai wa shugabannin ƙungiyarku da mai gari ko hakimi, su kai ga kwamandan yankin ko hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar. Koken da ya zo da lamba da rana da shaidu ya fi wuyar turewa a kan na "wasu sojoji ne".

Daga ƙarshe, maganar rigar hana nutsewa. Sojan da ya iya iyo, aka horar da shi, ba ya hawa jirgi sai da ita. Mu kuwa sai mu ɗora mata da yara da awaki da babur a kwalekwale ɗaya ba ko guda. Masu jirage, ku saya ko kaɗan-kaɗan ne, fasinja kuma ku riƙa tambaya kafin ku biya kuɗin mota.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba takardun ƙetare iyaka da dabbobi, da wanda ke ba da kowace. Mai tambaya ko wanda ya taɓa haɗuwa da 'yan sintiri a ruwa, ya turo mana saƙo ta layin shirin, ba sai ya faɗi sunansa ba. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya tsare dukiya. Mu kwana nan.